Takalmin Hawa Sikeli

Uwata,

Assalamu alaikum. Daga ranar da tankin ruwan unguwarmu ya fashe da rana tsaka, ya kwashe mini shagon gyaran takalmi har da benci, ya karya mini haƙarƙari biyu, zuwa wannan Talatar da nake rubuta miki, shekara talatin da biyu ke nan da wata huɗu. Na riƙe lissafin ne don kwana shida bayan haka aka haifa wa ƙanena ke, aka sa miki sunan mahaifiyarmu ina kwance. Tun waccan kwanciyar ban ƙara hawa gadon asibiti ba sai bana.

Ina gaishe ki, ina gaida aiki. Mu nan da sauƙi. Gwaggonki dai gwiwa ce ke damunta, bakin kuwa lafiyarsa ƙalau. Shekara biyu kacal ta ba ni, amma ina da saba'in da takwas ɗin nan tawa ba ta daina ce mini "yaron nan" ba. Ta ce a gaya miki rigar sanyin ta yi mata yawa, kuma ba za ta ba kowa ba.

Kin ce in rubuta miki komai kada in rage, tunda waya ba ta kamawa a kwarin da kuke gina madatsar ruwan nan, ni ma kunnen nawa ba kamawa yake yi ba. To ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ban taka ƙofar makaranta ba, a littafinki na aji ɗaya na koya, kina buge mini hannu.

Ga yadda abin ya faro. Wani ɗan baƙin tabo ne a dunduniyata ta dama, kamar ɗigon kwalta. Na goge da kananzir, bai fita ba, na ƙyale shi. Da ya fara zafi in na taka, sai na yi abin da na iya. Na ɗauki wuƙar aiki na rarake cikin takalmin daidai wurin, na cusa soso. Zafi ya tafi. Bayan wata biyar tabon ya faɗaɗa, ni ma na faɗaɗa ramin. Sau huɗu ina yin haka. Ranar da Gwaggonki ta ga jini a safata ta ja ni asibiti, likitar ta ɗaga takalmin ta leƙa ciki, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Baba, aikinka yana da kyau. Kyansa ne ya cinye maka shekara biyu." Ciwon daji ne na fata, Uwata. Na ce ni da na san rana ce ke kawo shi, yaushe rana ta ga dunduniyata? Ta ce wannan irin ba ya jiran rana.

Sun yanke wurin, sun ɗebo fata a cinyata sun yi faci. Ɗinkin ba laifi, sai dai sun bar tazara tsakanin allura da allura. Amma ciwon ya riga ya yi tafiya, akwai kaluluwa a matsematsina kamar ƙwan kaza. Shi ne suka sa ni a sabon magani, ƙarin ruwa ne duk bayan mako uku. Ba irin mai zubar da gashi ba ne. Likita ta ce jikin mutum yana da masu gadinsa, ciwon ne ya rufe musu ido, maganin kuma buɗe musu ido yake yi su kama ɓarawon da kansu. Na ce mata mai gadin da aka tasa a firgice har mai gida yana iya kai wa duka. Ta ce, "Shi ya sa duk abin da ka ji a jikinka ka faɗa mini, ko ƙanƙani ne."

Ɗakin a hawa na biyu yake, kujera takwas, fanka ɗaya, talabijin ba murya. Kafin a sa maka allura sai Nas ta ɗora ka a sikeli. Ni ta bar ni na hau da takalmi saboda facin. Kilo sittin da ɗaya. Maƙwabcin kujerata wani mai walda ne, nasa a wuya ya fito, bakinsa ba ya hutawa. Ya dubi ledar ruwan ya ce, "Tsoho, wannan ɗan abin ne zai yi? Ko batir ɗina ya fi shan ruwa."

Direban tankar da ke kai muku mai zai ba ki wannan. Ki ci abinci.

Baffanki

*

Baffa,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso ranar Asabar tana warin dizal, a tsaye na karanta ta. Ina lafiya, sai gajiya. Ka gaishe mini da Gwaggo, ka ce ta naɗe hannun rigar, kuma ta daina wanki a tsugune.

Aikin yana nan yadda ka sani. Duk kankaren da aka zuba sai an kawo mini curi, in auna shi, in matse shi a inji har ya fashe, in rubuta ƙarfinsa. In ya gaza a rushe a sake. Shi ya sa in na shiga wurin cin abinci hira take mutuwa.

Na san don in yi dariya ka ba ni labarin ramin takalmi. Ban yi ba. Wata takwas na yi a gidan kafin in taho nan, kullum ina kallonka kana tafiyarka garau, ashe da soso kake ruɗin mu. Ni da aka ɗauka aiki don in gano ɓoyayyen lahani, na kwana gida ɗaya da shi ban gani ba.

Na nemi hutu, an ce sai an gama zuba ƙofofin ruwa, wata huɗu nan gaba. In na tafi yanzu ba ni da wurin dawowa.

Na nuna wa ma'aikacin jinyar sansaninmu sunan maganin. Ya ce ka yi sa'a, ba kowa ke samunsa ba, kujerun kaɗan ne, masu jira da yawa. Don girman Allah, Baffa, kada ka ba su dalilin da zai sa su cire ka. Na san halinka. Ban da kai ba ni da wanda zai kwaikwaya mini muryar mahaifina.

Ka rubuto mini duk zuwan tanka.

'Yarka

*

Uwata,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Gwaggonki ta naɗe hannun rigar, wankin kuwa ta ce ki zo ki hana ta. Zuwan tanka biyu ban rubuta ba, aiki ne ya sha mini kai.

Albishirinki. An yi mini ƙari na uku, kuma kaluluwar nan tana ja da baya. Ba Likita ce kaɗai ta faɗa ba, ni na auna. Duk Juma'a nakan kewaya ta da zaren ɗinki in ƙulla, in rataye zaren a ƙusa. Zare bakwai ne yanzu a jere, kowanne ya fi na bayansa tsawo. Daga ƙwan kaza ta koma kamar ƙwallon dabino. Da na nuna wa Likita zarurrukan sai ta kira wani likitan ya zo ya gani. Ban san ɗan ruwan leda zai yi wannan aiki ba.

Sai dai mai walda ba ya nan. Wancan zuwan Nas ta yi mana tambayoyinta na kullum, tari fa, ƙaiƙayi fa, ciki fa. Shi da bakinsa ya ce yana ɗan tari, kuma in ya hau bene numfashi yana yi masa wuya. Ko allurar ba su sa masa ba. Aka tura shi hoton ƙirji, ya fita yana ce mini, "Tsare mini kujerata, tsoho." Wannan zuwan na tarar da wata malamar makaranta a kai, da littafinta. Na tambayi Nas, ta ce an dakatar da shi, ba ta ƙara ko kalma ba. Na san irin wannan dakatarwar. Haka aka dakatar da mahaifinki a masaƙa shekarar da aka kawo sababbin injuna, wai na wata ɗaya, har ya bar duniya ba a kira shi ba.

Maganarki tana nan a raina. Ba zan ba su dalili ba.

Na ɗauke bencin aiki daga ƙofar gida na mai da shi can baya, gindin katanga. Ya fi inuwa. Masu kawo gyara suna ƙorafin sai sun ratsa tsakar gida, na ce wanda ya gaji ya tafi da hudajjen takalminsa.

Na kuma ɗinka wa kaina sabon takalmi na zuwa asibiti. Na buɗe akwatin nan da nake ajiye zanen ƙafafu don in ɗauko nawa, sai na ɓata rabin yini. Ga na mahaifiyarmu da ɗan yatsanta da ya hau kan ɗan'uwansa, ga na mahaifinki, ga naki guda goma sha ɗaya, tun kina cika tafin hannuna. Takalmin baƙi ne, ƙasansa da kauri, kwana uku na yi a kansa. Nas ta ce, "Baba, yau gayu aka yi mana?" Na ce ai wurin manya nake zuwa.

Gwaggonki tana mitar ruwan randa ba ya kai mana yamma yanzu. Kin san ta da mita.

Baffanki

*

Baffa,

Na gaishe ka, na gaida Gwaggo. Ina lafiya, mura ce ta ɗan taɓa ni ta wuce.

Wallahi sau uku na karanta zancen zaren nan, na fita bayan ɗakin gwaji na yi kukana na dawo. Alhamdu lillahi. Ka ci gaba da ƙullawa.

Na ji daɗi da ka koma inuwa ba tare da an yi faɗa da kai ba. Shekara nawa muna roƙonka ka bar bakin titin nan? Ashe kana jin magana in ka ga dama. Kuma mutumin da ya zauna kwana uku ya yi wa kansa takalmin gayu, ai ƙarfinsa ya dawo. Na gaya wa abokiyar ɗakina Baffana ya fi ni lafiya.

Allah ya ba mai walda sauƙi. Kada abin ya dame ka, kowa da jikinsa.

Ba ka faɗa mini nauyinka ba wannan karon. Ma'aikacin jinyarmu ya ce in riƙa tambaya, wai sikeli ba ya ƙarya. Nawa ne?

An fara ruwa a nan, hanya tana lalacewa. In ka ji shiru, tanka ce ba ta samu wucewa ba.

'Yarka

*

Uwata,

Muna gaisuwa. Lafiya lau.

An yi na huɗu. Sikeli ya ce sittin da ɗaya cif, Nas ta rubuta da hannunta.

Na ƙara wa takalmin kauri, na farkon bai isa ba. Matakalar asibitin nan ashirin da uku ce, da ban taɓa ƙirgawa ba. Akwai wurin zama a ta tara da ta goma sha bakwai.

Zare yana ta gajarta. Aiki na rage, guduma ta yi nauyi, ko ƙotar ce ta sha ruwa.

Ki yi haƙuri da gajartar wasiƙar, biron ne ba ya so.

Baffanki

*

Baffa,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ina fatan kana raye, kana karanta wannan da idonka. Ni lafiyata ƙalau, in wannan ita ce lafiya.

Mako uku ruwa ya yanke hanya, ba tanka, ba wasiƙa. Yau da hantsi direba ya iso, na tare shi tun bai kashe mota ba. Ya miƙo mini buhu ɗaure da tsumma. Na ce ina wasiƙar? Ya ce babu, tsohuwa ce ta tare shi a bakin titi ta ba shi, ta ce a ba 'yarsu hannu da hannu, ta juya. Na kwance. Takalmi ne baƙi, ƙafa ɗaya. Ta dama.

Baffa, ka san abin da ya zo mini? Na ce shi ke nan, sun yanke ƙafar, Gwaggo ba ta iya rubutu ba, shi ne ta aiko mini da wanda ba ka da sauran bukatarsa. A ƙasa na zauna cikin taɓo. Na bar aiki na hau tudun da ke bayan sansani, tafiyar awa ɗaya da rabi, inda waya take ɗan kamawa, na kira telan da ke kusa da gidanmu. Ya ce ƙafarka biyu, jiya ya gan ka. Sai ya ce, "Amma fa wuyansa ya zama kamar na kaza. Mun ɗauka kin sani." Na ce ya kai maka wayar. Ya je ya dawo ya ce ka ce kunnenka ba ya ji.

Da na sauko ne na lura hannuna ya gaji da riƙon takalmin. Na ɗora shi a sikelin da nake auna kankare. Kilo biyu da giram ɗari uku, ƙafa ɗaya. Na sa zarto na raba ƙasan biyu. Darma ce irin ta cikin batir, an zuba ta a kwance, fale biyu, na ƙasa ya fi tsufa, an lulluɓe da roba an ɗinke yadda ko ni ban ga bakin ɗinkin ba.

Ke nan kilo huɗu ka rasa, ko fiye, kana hawa sikelin mutane da batirin mota a ƙafa. Sai yanzu na koma na karanta wasiƙunka da idon aiki. Gindin katanga ai ƙofar banɗaki ce. Ruwan randa da ba ya kai yamma. Ni kuwa ina nan ina yi maka barka da inuwa.

Na kai wa ma'aikacin jinya yana cin abinci, ya ajiye cokalinsa. Ya ce in gudawa ce ta yi makonni a kan wannan magani, masu gadin nan da ka ba ni labari ne suka juya kan hanjinka, kuma hanji yana iya hujewa. Ya ce akwai maganin da ke kwantar da su in an zo da wuri. Ya ce ba a jiran ranar ƙarin ruwa, yau ake zuwa.

Da na ce kada ka ba su dalili, nufina kada ka tsallake ranar zuwa, kada ka sa wuƙa a facin, kada ka sha garin da abokanka za su kawo maka. Ban ce ka yi musu ƙarya ba. Amma ni na rubuta layin, kuma na san wanda nake rubuta wa. Wannan laifin nawa ne.

Ba zan ce maka ba za su cire ka ba. Ban sani ba. Wataƙila su cire ka. Na fi son a cire ka kana numfashi.

Direba zai juya da asuba, na roƙe shi kada ya tsaya ko'ina sai ƙofarku. In wasiƙa ta gaba ta zo da sittin da ɗaya a ciki, zan ajiye aikin nan in taho, kuma ka san ba a mayar da wanda ya tafi.

Ka ce wa Gwaggo na gode.

'Yarka

*

Uwata,

Na gaishe ki. Gwaggonki tana gaishe ki, tana zaune a gabana ta harɗe hannu, wai sai na karanta mata abin da na rubuta kafin in liƙe. Lafiya kam ba zan ce lau ba, kin hana.

Da zarto kika yanka? Ɗinkin kwana uku, da zaren da na shafe da kakin zuma sau biyu. Da kin bi ta gefen dunduniya da bakin almakashi, da ya buɗe miki da kansa.

To, gaskiya ne. Bayan ƙari na biyu abin ya fara, sau uku a yini, sau huɗu. Na ce abinci ne. Mako biyu bayan an fitar da mai walda na tsaya wurin mai sayar da buhunan hatsi na hau sikelinsa, na ga kilo biyu sun tafi. Na san in Nas ta ga haka tambaya za ta biyo baya, ni kuma ban iya ƙarya da baki ba, fuskata takan tona ni. Da hannu na iya. Na karɓo mataccen batir wurin mai caji, na narka darmar a gwangwani, na zuba a zanen ƙafata. Da biyu suka zama huɗu na ƙara fale. Belt ɗina ma huda uku na ƙara masa, na shafa baƙi a bakin hudar don kada ta nuna sabuwa ce.

Kada ki ɗora wa kanki. Layinki na samu na rataya a kai, amma ko ba ki rubuta ba da na yi. Shekara sittin in mutum ya zo ya ce mini nan yana cizonsa, ban taɓa ce masa ƙafarka ce ba daidai ba. Takalmin nake gyarawa har ya daina jin ciwon, ya tafi yana sa mini albarka. Ban san wata hanyar ba. Kuma ina kallon zaren nan yana gajarta, Uwata. Abu ɗaya a cikin shekara biyu da yake tafiya daidai, sai in je da bakina in ce a tsayar?

Ranar Alhamis Gwaggonki tana shara ta sa ƙafa za ta ture takalmin, ya ƙi motsi, ta kusa kifewa. Ta ɗaga, ta dube ni. Da na fito daga bayan gida na tarar da ƙafa ɗaya. Na ce, "Yaya, ina ɗayan?" Ta ce, "Ya tafi wurin wadda kake jin tsoro." Na ce ni ba na tsoron kowa. Ta ce, "To ɗinka wani mana, yaron nan, in ka iya ɗaga gudumar." Na je na ɗauka don in ba ta kunya. Na ajiye.

Jiya Litinin ce ranar ƙari na biyar. Ban je ba. Da ƙafa ɗaya mai nauyi zan hau musu sikeli, in karkace? Na zauna a benci ina jin haushin ku duka biyu.

Da la'asar sai ga sallama. Mai walda ne. Fuskarsa ta kumbura kamar an hura, ƙwayoyin da suke ba shi ne, amma da ƙafarsa ya ratso tsakar gida bai tsaya hutawa ba. Ya je a duba shi, ya leƙa ɗakinmu ya ga kujerata ba kowa, Nas ta ba shi kwatance ta ce ya dubo mata Baba mai gayu. Gwaggonki ba ta bari ya zauna ba ta ɗora masa ɗayan takalmin a hannu. Ya jinjina shi, ya yi dariya har tarin ya taso. Ya ce, "Tsoho, ashe aikin ƙarfe kake yi a ɓoye ba ka neme ni ba? Ai da na yi maka na kilo goma, su ce ka yi ƙiba." Na ce shi da aka kora me ya sani. Ya ce, "Kujera aka hana ni, ba asibiti ba. Duk mako biyu suna ganina." Na ce za su mayar da kai? Ya ce ba su sani ba, shi ma bai sani ba, wai sai huhun ya huce a duba. Na ce to na wuyan fa? Ya buɗe kwalar riga ya nuna mini. Bai ƙaru ba, bai tafi ba. Ya ce, "Haka muke zaune da shi, ba ya gaishe ni, ba na gaishe shi."

Bai ba ni ƙarfin gwiwa ba, in gaya miki gaskiya. Ina ganin ranar da zan leƙa ɗakin nan in ga wani a kujerata, zarena kuma ya fara tsawo. Yau da rana direba ya kawo taki, na karanta, na sake karantawa. Na gaji, Uwata. Ba ciwon ne ya fi gajiyar da ni ba, ɗaukar takalmin nan ne. Kwana biyu ke nan kuma ina ganin jini, wannan ko Gwaggonki sai yanzu da zan karanta mata za ta ji.

Kada ki ajiye aikinki. Ki tsaya ki fasa musu kankarensu.

Na so in tafi yau, tela ya ce motar ɗan'uwansa sai da safe, ni kuma ba zan iya tsayuwar motar haya ba. Gobe da safe ƙarfe bakwai zai zo. Zan sa silifas ɗin wanka. Gwaggonki za ta riƙe takalmin da ya rage a leda, ta ce ita za ta ajiye shi a teburin Likita don kada in canza magana a hanya. Zan cire silifas ɗin in hau sikelin, abin da ya ce a rubuta. In Nas ta ce ciki fa, zan ce sau tara a yini, da jini.

Na karanta mata. Ta yi kukanta ta share. Ta ce ba tara ba ne, sha ɗaya ne, tana ƙirga ƙarar ƙofar.

Sha ɗaya zan ce.

Baffanki